Ɗaurin Kalangu Da Saitin Jita Mai Feda

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙasar Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa bayan an kammala girbi ya san cewa, a wuraren da tsohuwar al'ada ba ta gushe ba, ba sai an yi shela ake sanin an yi yanka ba. Tun kafin mutum ya hango rumfar mahauta zai jiyo kalangu yana hawa yana sauka, kamar wani yana magana da ƙarfi daga nesa. Kalangu kuwa tun asali kiɗan mahauta ne, manyansu kowa da takensa, sa'an nan 'yan dambe da 'yan mata masu gaɗa a dandali suka sami rabonsu a cikinsa.

Wannan yanki na arewacin Jihar Kano yana cikin ƙasar nan da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka yi nazari a kanta tun cikin shekarun 1960 saboda yawan jama'arta, inda gona ke manne da gona, ana noma kowace shekara ba a barin saura, kuka da ɗorawa da gawo suna tsaye a tsakiyar gero da dawa. Da yake ƙauyuka suna kusa da juna, makaɗi guda yana iya cin kasuwa biyu ko uku a mako, ya kuma kwana a gidan biki. Kalangun da ke irin wannan zirga-zirga, yau rana gobe raɓa, ba ya zama da muryarsa sai da kulawa. Masu sauraro suna yaba hannun da ke riƙe da makaɗi, amma rabin aikin an riga an gama shi tun a gida, lokacin da mai kalangu ya zauna a zaure yana ɗaura tsirkiya. A kan wannan ɗauri ne ya kamata a tsaya, kuma hanya mai sauƙi ta gane darajarsa ita ce a gwada shi da wani abin kiɗa na Amurka da ake kira jita mai feda, domin dabara guda ce ta haɗa su.

YADDA KALANGU KE MAGANA

Ana sassaƙa kangon kalangu da itace marar nauyi, kamar alilliba, a bar shi da bakuna biyu masu faɗi da siririn ƙugu a tsakiya. Kowane baki ana rufe shi da fata mai laushi, galibi ta ɗan akuya, wadda aka ɗinke a jikin zagayayyen kirinya. Sa'an nan a zarga tsirkiyoyin fata daga wannan baki zuwa wancan, su kewaye kangon duka. Saboda ƙugun ya shige ciki, tsirkiyoyin ba sa taɓa itacen a tsakiya, suna tsaye ne a sarari. Idan makaɗi ya rataya kalangu ya matse su da damtsensa, ko ya jawo su da yatsun hagu, sai su ja fatar ta ɗame, muryar ta tashi sama. In ya sassauta, sai ta sauko.

Abin da ya sa wannan ya zama magana shi ne Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro da kukar miya haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su. Haka baba na rini, da Baba mahaifi, da Baba uwa ko goggo. Banda sautin sama da na ƙasa akwai kuma mai faɗuwa, irin wanda ke cikin kai da mai, watau na shafawa. Don a fitar da wannan na uku, dole makaɗi ya doki fata tana ɗame, ya sake ta tun amon bai mutu ba. Watau ana canja murya ne tana cikin fita. Jauje da kotso na fada ma a kan wannan hanya suke, sai dai kotso baki ɗaya ake rufe masa, da hannu kuma ake kaɗa shi.

To, a nan ɗauri ya shigo. Idan aka ɗame tsirkiyoyi ƙwarai tun farko, kalangu zai yi zaƙin murya, amma ba shi da sauran wurin hawa, kuma ranar da hunturu ya busa fatar tana iya tsagewa. Idan aka bar su sako-sako, rabin matsar damtse zai tafi a banza kafin fata ta ji an ja ta, muryar ƙasa kuma ta fito a dushe. Gwani yana neman tsakiya ne: kalangu ya yi amo ko ba a matsa shi ba, ya kuma amsa da zarar an taɓa shi. Har ila yau tilas ja ya zama daidai ko'ina a kewayen bakin, in ba haka ba kirinya ta karkace, gefe ɗaya ya ɗauki nauyin duka. Ana yin wannan ne da bin tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ana jan rarar zuwa gaba har a zagayo inda aka fara, ana ƙwanƙwasawa ana saurare.

Ɗaurin kuma ba ya zama dindindin. Da damina laima takan sa fata ta saki, sai an shanya kalangu a rana ko an kara shi kusa da wuta kafin ya farfaɗo. Da hunturu kuwa sassautawa ake yi. In makaɗan ƙungiya ne, irin ta Alhaji Mamman Shata wanda ya rasu a 1999 bayan ya kai kalangu ko'ina, sai an daidaita kalangai da junansu, da ƙananan gangunan da ke rakiya, da kuma muryar mawaƙin kansa.

JITAR DA AKE TAKAWA

Labarin jita mai feda ya faro ne daga tsibiran Hawayi, inda ake danganta wa Joseph Kekuku cewa wajen 1889 ya kwantar da jita a cinyarsa yana zamar da ɗan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta maimakon danna su da yatsu. Muryar da ke fita tana malala ne daga sauti zuwa sauti kamar ta goge. Salon ya bazu a Amurka bayan babban bajekolin San Faransisko na 1915, aka kuma sa masa lantarki a farkon shekarun 1930.

Amma akwai matsala. Ƙarfen miƙaƙƙe ne, yana kwanciya a kan tsirkiyoyi duka a layi guda, saboda haka haɗin muryoyin da makaɗi zai iya samu ya dogara ga yadda ya saita wayoyin tun farko. Mai son wani haɗi dabam sai ya tsaya ya sake saiti. Maganin da aka fara samowa shi ne ƙara wa jitar wuya, biyu, uku, har huɗu, kowane wuya da saitinsa, har abin ya zama kaya niƙi-niƙi. Daga nan aka yi tunanin feda. Kamfanin Gibson ya fitar da irin wannan jita wajen 1940, Paul Bigsby kuma ya ƙera wa Speedy West tasa a 1948. Nufin masu ƙirar shi ne makaɗi ya taka feda ya koma wani saiti, sa'an nan ya ci gaba da kiɗa.

A ƙarshen 1953 wani makaɗi mai suna Bud Isaacs ya yi abin da ba a tanada ba. Yayin da ake ɗaukar waƙar Webb Pierce mai suna Slowly, sai ya taka feda alhali tsirkiyoyin suna cikin amo, biyu suka haura, sauran suka tsaya inda suke. Waƙar ta fito a 1954 ta yi mako 17 tana kan gaba a jerin waƙoƙin karkarar Amurka, makaɗa kuma suka dinga liƙa wa jitocinsu ƙarafa iri-iri don su sami wannan sauti. Ga wanda ya tashi a Minjibir ko Makoɗa, abin da ya girgiza birnin Nashbil a wannan shekara ba baƙo ba ne, domin abin da damtsen mai kalangu ke yi ke nan ranar kowace kasuwa.

Fedar Isaacs guda ce tana jan tsirkiya biyu tare. A 1956 Buddy Emmons ya raba aikin gida biyu, kowace tsirkiya da fedarta. Jimmy Day ma ya raba, amma ya jera nasa fedojin a juye. Har yau masu wannan jita sun kasu biyu, masu bin jerin Emmons da masu bin jerin Day, kuma wanda ƙafarsa ta saba da ɗaya in ya zauna a kan ɗayar sai ya riƙa tuntuɓe kamar ɗan koyo.

Jitar da aka saba gani yanzu tana kama da ɗan tebur mai ƙafa huɗu, da wuya ɗaya ko biyu, kowane da tsirkiya 10. Wuyan gaba ana saita shi a tsarin da suke kira E9, na baya a C6. Mai wuya biyu takan zo da feda 8 a ƙasa, da wasu maɓallai huɗu ko biyar da ke rataye a ƙarƙashin teburin waɗanda ake turawa da gwiwa. Turawa sun raba tazarar da ke tsakanin murya da takwararta ta sama kashi 12, kowane kashi rabin taki ne. A tsarin E9 bisa jerin Emmons, feda ta farko tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 taki guda. Ta biyu tana ɗaga ta 3 da ta 6 rabin taki. Ta uku tana ɗaga ta 4 da ta 5 taki guda. Maɓallan gwiwa kuma, daga cikin ayyukansu, suna ɗaga ta 4 da ta 8 ko su saukar da su rabin taki. Hannu biyu, ƙafa biyu, gwiwa biyu, duk suna aiki lokaci guda. Masaƙan Minjibir da ke taka matakai suna wurga ƙoshiya za su fi kowa fahimtar irin wannan zama.

IDAN ZA A CANJA SAITI

Ba kowa ne ke tsayawa a kan tsarin da aka saba ba. Wani yana son wata feda ta ja wata tsirkiya dabam, wani yana son ya koma wani saiti gaba ɗaya, wasu ma sun haɗe tsarin wuya biyu a wuya guda mai tsirkiya 12. Duk mai son haka sai ya kifar da jitar, domin aikin a cikinta yake.

Abin da zai gani ya yi kama da birkin tsohon keke mai sanda. Feda tana jan wani dogon ƙarfe, shi kuma ya juya wata sanda da ke gicciye a ƙarƙashin teburin. A jikin sandar akwai ƙananan hannuwa masu ramuka, daga kowane hannu wani siririn ƙarfe ya miƙe zuwa ƙarshen jitar, inda kowace tsirkiya ke ɗaure a kan wani ɗan yatsan ƙarfe mai juyawa. In aka ja yatsan ta wannan gefe sai tsirkiya ta ɗame, in ta wancan gefe ne sai ta saki. Canja aikin feda shi ne a kwance hannun, a zamar da shi daidai saitin tsirkiyar da ake so, a ɗaure, a zura ƙarfen a ramin ɗagawa ko na saukarwa.

Zaɓen rami shi ne inda gwaninta take. Ramin da ke nesa da sanda yana ja da yawa cikin ɗan taki kaɗan, amma feda takan yi tauri. Na kusa yana da laushi, amma sai ƙafa ta yi tafiya mai tsawo. Idan feda guda tana jan siririyar waya da mai kauri tare, tilas a zaɓar musu ramuka dabam-dabam, domin siririya ta fi bukatar ja mai tsawo kafin ta kai murya, ana kuwa son su tashi tare su isa tare. Wani lokaci sai an canja kaurin wayar ma, tun da wadda aka yi don wata murya ba za ta jure a kai ta inda ba a yi ta dominsa ba.

Bayan an mayar da jitar kan ƙafafunta, akwai jerin da ba a tsallakewa. Da farko a saita tsirkiya ba tare da an taka kome ba, da makullan da ke kan wuya. Sa'an nan a taka feda har ƙasa, a daidaita muryar da ta hau da wani ɗan noti na roba da ke ƙarshen jitar. Sa'an nan a saki feda a saurara ko tsirkiya ta komo inda take. Kuskuren da 'yan koyo suka fi yi shi ne su murɗa notin har ya ƙare duk ɗan sararin da ya kamata a bari, sai ya zama feda tana jan tsirkiya ko ba a taka ta ba, daga nan kome aka gyara sai wani ya ɓaci. Magani shi ne a kwance notin duka, a ƙara wa feda tsawon tafiya, a sake daga farko. Wannan shi ne ciwon kalangun da aka ɗame fiye da kima. Tsirkiyoyin da ake saukarwa kuma sifirin ne ke mayar da su, in ya yi sanyi sai su dawo a ƙasa da inda suke. Akwai ma wani abu mai ban haushi: idan aka taka feda biyu, jikin jitar kan ɗan lanƙwasa, har tsirkiyoyin da ba a taɓa ba su ɗan sauko, sai makaɗi ya yi lissafin wannan a cikin saitinsa.

Ɗaliban kimiyya za su so ganin lissafin. Tun 1636 Marin Mersenne na Faransa ya bayyana cewa saurin kaɗawar tsirkiya ba ya tafiya kai da kai da ƙarfin jan da aka yi mata. Sai an ninka ja sau huɗu kafin kaɗawa ta ninka sau biyu. Don haka ɗaga murya rabin taki yana bukatar a ƙara ja da kusan kashi 12 cikin 100, taki guda kuwa kusan kashi 26. Tsirkiya ta 3 a tsarin E9, wadda kaurinta bai wuce kashi 11 cikin 1,000 na inci ba, ana ɗame ta ana saki ɗaruruwan lokuta a dare guda, shi ya sa ta fi kowace yawan tsinkewa. Fatar kalangu ma tana bin irin wannan doka, kuma ita ma a bakin da ake duka take fara gajiya.

Wannan jita ta taɓa yin tashe a Nijeriya. Demola Adepoju ya kaɗa ta a ƙungiyar Sunny Ade, aka ji ta sosai a faifan Juju Music na 1982 wanda ya fitar da kiɗan juju zuwa kasuwannin Turai da Amurka, ya kuma kaɗa ta a faifan Graceland na Paul Simon a 1986. Ba abin mamaki ba ne da ta zauna daram a gefen gangunan Yarbawa masu magana, waɗanda 'yan'uwan kalangu ne. In kuwa za a faɗi gaskiya, ta wani fanni kalangu ya fi ta 'yanci. Feda tana da inda take tsayawa, an ƙayyade mata iyaka da noti, amma damtse yana iya tsayawa ko'ina tsakanin sama da ƙasa, gwargwadon yadda kalmar Hausa ta nema.

ABIN DA SUKA RUBUTA

Inda Amurkawan suka yi gaba shi ne wajen takarda. Kowane mai jita mai feda yana da jadawalinsa: tsirkiyoyi a jere daga sama zuwa ƙasa, fedoji da maɓallan gwiwa a gicciye, a kowane gida an rubuta abin da ke hawa ko sauka da gwargwadonsa. Tom Bradshaw ne ya laƙaba wa jadawalin suna kofedent. Buddy Emmons ya rasu a 2015, amma yaro a kowace ƙasa yana iya ɗaukar jadawalinsa ya saita jitarsa daidai da tasa.

A ƙasar Hausa an yi ƙoƙari ƙwarai wajen adana waƙa. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗa da sassansu a ƙamus ɗinsu na 1971, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan makaɗa da mawaƙa. Sai dai abin da ɗalibai suka fi ba ƙarfi a kundayensu shi ne baitoci da salon mawaƙi da tarihinsa. Mutumin da ke zaune a bayan mawaƙi yana jan tsirkiya ba safai ake tambayarsa yadda yake yi ba, alhali sana'ar tasa gado ce da ake koya da ido da kunne. Tun shekarun 1990 fiyano ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa a birnin Kano, a bukukuwa da yawa na ƙauye ma na'ura ake kunnawa. Yaron da bai ga ubansa yana samun abinci da kalangu ba, da wuya ya zauna koyon ɗaurinsa.

Ba aiki ne mai cin kuɗi ba. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da jami'an al'adu na ƙananan hukumomi, suna iya tsara takarda mai shafi guda a ba ɗalibin da zai tafi hutu gida. A rubuta irin itacen da tsawon kango da faɗin baki da na ƙugu, da irin fatar da yadda aka jeme ta, da yawan tsirkiyoyi da inda ake fara ja da inda ake ƙullewa. Wayar hannu ta yau tana iya auna murya, sai a auna ta kalangu yana sake, a kuma auna ta an matse shi iyakar matsa. A rubuta sunayen da makaɗin da kansa yake kiran waɗannan abubuwa, domin na Kunci ba lalle ne su zo daidai da na Gezawa ba, kuma bai kamata a tilasta musu zama ɗaya ba. Haka za a yi wa garaya da gurmi da molo, waɗanda ake saita su da zamar da ƙullin fata a jikin wuya, da goge mai izgar doki. Awon kalangu guda kuwa sai an yi shi sau biyu, ɗaya a tsakiyar Agusta ana ruwa, ɗaya a cikin Janairu hunturu na kaɗawa, a kuma rubuta abin da makaɗin ya yi wa tsirkiyoyinsa tsakanin lokutan biyu.